Tarin Gidan Baba Danladi

Dattijo Leonard ya yi tari sau biyu kafin ya buɗe taron iyali, don kowa ya ji da kunnensa.

A Fadan Kagoma an san tarin gidan marigayi Baba Danladi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Tari ne mai nauyi, daga can ƙasan ƙirji. Baba ya yi shi har kabari, babban ɗansa Leonard ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana ji da tarin nan kamar lambar yabo. Ko a coci, in ya hau mimbari yana tsawata wa matasa kan burkutu da taba, sai ya dakata ya yi shi, tsofaffi su gyaɗa kai su ce, "Ɗan Danladi ke nan."

Ƙanensa Yafet kuwa ƙirjinsa wasai, ko mura ba ta daɗe masa. Da aka zo rabon gonar citta, Leonard ya tuna wa jama'a, cikin tawali'u, cewa an haifi Yafet a shekarar da aka tura Baba aiki Inugu. Bai ƙara komai ba. Tsohuwarsu, Mama Regina, ta sunkuyar da kai, abin tausayi. In dai maganar ta tsaya, Yafet ya rasa gona, ita kuma ta rasa mutuncinta a gaban zumuntar mata.

Ana haka sai ga Faustina, 'yar ƙanwarsu, ta zo hutu. Bincikenta a jami'a kan ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanyar numfashi ne. Ta ce kowacce tana fitar da ƙananan gashi barkatai masu share datti zuwa waje. Umarnin tsiro da gashin yana cikin gadon mutum, amma kamar makunnin wuta yake, sai an kunna shi. Wani an haife shi da makunni a lalace. Wani kuma nasa lafiya lau, wani abu ne daga waje yake kashe masa shi.

Leonard rabin farko kawai ya ji. Shi da kansa ya miƙa hanci aka goga masa audugar gwaji, ya kuma tilasta wa Yafet, don a ga wanda ya gaji tarin Baba. Daga nan ya jefa Tom-Tom a baki, ya zagaya bayan rumbu yin addu'ar kaɗaici, yadda ya ga ubansa yana yi bayan kowane abinci.

Da sakamako ya fito, ya gayyato Pasto da dattawan coci, aka dafa shinkafa. Faustina ta matso kusa da shi.

"Kawu, ka bari in gaya maka a ɗaki."

"Ɗaki na me? Gaskiya ba ya ɓuya. Faɗa a gaban Pasto."

Ta ja numfashi. Ta ce ba ta ga laifin gado a jikin ko ɗayansu ba. Gashin Kawu Yafet yana nan cif. Na Kawu Leonard ne ya zube, domin wani abu ya shekara da shekaru yana kashe makunnin.

Dattawa suka kalli juna. Wani ya ambaci maƙiya, Pasto ya fara laluben aya.

"To, wane abu ne?" in ji Leonard, muryarsa ta ɗan yi ƙasa.

Faustina ta tsura wa takalminta ido. Mama Regina ce ta ɗago kai daga kan tabarma, ranta a ɓace, ta dubi Pasto.

"Taba ne, Pasto. Na rufa wa ubansa asiri har ya mutu, amma ba zan rufa wa wannan da sunana ba."