Ƙafa ta Uku a Layin Marina

Tun da garin Tudun Faru ya cika ya batse, hukumar tsara gari ta daina tambayar mutane abin da suke so. Ta shimfiɗa wani daɓe mai ƙirga sawu a gefen tituna. Layin da sawunsa ya yi yawa, shi ake faɗaɗa wa hanyar ƙafa, a yi masa gangara maimakon matakala. Sauran su jira shekara goma.

Ladidi tela tana zaune a Layin Marina, kuma da keken guragu take fita. Kullum sai ta jira masu wucewa su ɗaga ta a matakalar bakin kasuwa. Yau ake rufe ƙirga.

Da ta fito sayen zare da hantsi, sai ta ga maƙwabcinta Baba Jatau, tsoho mai ciwon gwiwa, yana dogara sanda. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya sake komawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Baba, lafiya kake ta kai da kawowa cikin ranar nan?"

"Daɓen nan ba ya jin taya, 'yata. Shekara uku kina bi ta kansa, a wurinsa ba ki taɓa fita daga gida ba."

Ladidi ta dubi daɓen da ke ƙarƙashin tayoyinta.

Tsohon ya buga sandarsa a daɓen, ya yi murmushi.

"Ni kuwa ƙafa uku yake ƙirga mini. Biyu nawa ne, ta ukun taki ce."