Ƙarƙashin Jan Kafet

Katafilar da mutanen unguwar suka yi wata bakwai suna roƙo tun bayan yaƙi ta iso ranar Laraba, amma ba don ta tono mahaifiyar wata budurwa daga ɓaraguzan gidansu ba. Baje wurin ta zo yi, domin nan shugaban wata ƙasa zai sauka daga mota.

Budurwar nan aka zaɓa ta miƙa masa furanni, don ita kaɗai ta karanci harshensa a jami'a.

"'Yata, murmushi kawai," in ji mai unguwa. "Kada ki ja mana."

"Baffa, me ya saura da za a ja mana?"

Baƙon ya tako jan kafet, ya tsaya daidai inda tanderun gurasarsu yake a da. Ta dube shi ido cikin ido, ta ce da harshensa, "Ranka ya daɗe, taka a hankali. Mahaifiyata na ƙarƙashin takalminka."

Amma 'yan badujala sun riga sun fara busa. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya karɓi furannin, ya juya ga masu ɗaukar hoto.

Washegari hoton ya fito a jarida. A ƙarƙashinsa an rubuta: "Marainiya tana godiya."