Ƙarfen Rafi da Shanun Atiku

Atiku manomi ne a wani ƙauye na yankin Birchi, gidansa daf da rafi. Shanun huɗa biyu gare shi, da su yake ciyar da 'ya'ya bakwai. Damuwarsa ɗaya, ba turken icen da ba su tumɓuke ba.

Da bazara wani ma'aikacin ruwa, Malam Ubaidullahi, ya kafa dogon ƙarfe mai jan layi a tsakiyar rafin. Ya tara mutane ya ce, "Wannan zai nuna mana yawan yashin da ruwa ke jibgewa. In ya kai jan layi, za a turo mota ta yashe rafin. Don Allah kar a taɓa."

Ba a yi mako ba Atiku ya cire ƙarfen, ya kafa a garkensa ya ɗaure shanun.

Matarsa Batula ta ce, "Malam, ba wannan aka ce kar a taɓa ba?"

"Ke dai! Yashi gero ne da za a auna shi? Tun zamanin kakana rafin nan ya san hanyarsa."

Bayan kaka Malam Ubaidullahi ya dawo, babu ƙarfe. Ya tambayi mutane, Atiku na kallon ƙasa. Ya ce, "To, babu awo, babu abin da zan rubuta." Motar yashewa ta tafi wasu garuruwan.

Yashi kuwa ya ci gaba da taruwa, har cikin rafin ya kusa daidaita da gaɓa.

Damina ta zagayo. Wata rana Atiku yana kasuwar Dutsin-Ma aka tsuge da ruwa bayan azahar. Ruwa ya rasa hanya, ya faɗo cikin gidaje. Batula ta goya ƙarami, ta kora sauran zuwa tudu. Shanun maƙwabta suka tumɓuke turakunsu na ice, suka tsira. Na Atiku suka ja, suka ja, ƙarfe bai motsa ba.

Da ya iso, ya tarar da shanun kwance matattu, igiya a wuya. Ƙarfen na tsaye ƙyam, yashi ya binne shi har ya wuce jan layin.

Batula ta share hawaye ta ce, "Ga shi ya auna, Malam."

'Yan'uwana iyaye, abin da aka kafa don tsare gari ba kayan tsintuwa ba ne. In ba mu gane amfaninsa ba mu tambaya, domin wanda ya cire shi, a kan 'ya'yansa ruwan zai fara sauka.