Karan Awo

Ko da aka kawo karan da aka auna gawar Mudassir da shi, Ɗan'auta mai haƙa kabari ya riga ya gama ramin. Aka ɗora karan, ya zo cif-cif.

Sufeto Kamaruddeen, da ya zo jana'izar, ya ƙura wa ramin ido. Tun farkon damina yake farautar wanda ke yi wa manoma yankan rago a cikin dawa, a ƙauyukan Ɗanbatta, Mudassir ne na baya-bayan nan. Wa zai san tsawon mamaci kafin a auna shi, in ba wanda ya kwantar da shi ba?

Ana gama jana'iza ya tafi ɗebo yaransa 'yan sanda.

Da la'asar suka dawo da ankwa. Suka tarar da Ɗan'auta cikin sabon rami, yana ta zufa. Malam Abdussalam, mahaifin Mudassir, na zaune a bakin ramin, 'ya'yansa a tsaye da adduna.

"Baba, wa ya rasu kuma?" in ji Sufeto.

Malam Abdussalam ya ce, "Ba kowa tukuna, Yallaɓai. Ai ba kai kaɗai ke da ido ba."

Ɗan'auta ya ɗauki karan da suka ba shi, ya tsayar a gefensa. Daidai tsawonsa.