Gidan Nakkasa a Cikin Waya

"Ummi, taɓa ƙofar da yatsa," in ji ɗanta daga Ostireliya.

Ta taɓa fuskar wayar, ƙofa ta buɗe. Sai ga gidansu na kan tudun unguwar Nakkasa, wanda katafila ta rushe: koren bango, tankin ruwa, har tsagar da ke saman taga. Wata bakwai ya yi yana gina shi a kwamfuta daga tsofaffin hotuna, duk sanda ya taso daga aji.

Shekara shida rabonta da ɗan nata. Saboda shi ta san siyasar ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Duk zaɓen can sai ta gaya wa maƙwabtanta a Aziziyya, unguwar da ta koma bayan rusau, cewa ba ruwanta da jam'iyya, wanda zai sauƙaƙa wa ɗalibai takardun zama shi ne nata.

"Ya yi daidai?" ya tambaya.

Ta zagaya ɗakunan sau biyu, ta dawo bakin ƙofa.

"Ya yi kyau, habibi. Amma ba kowa a ciki."

"Ai ban sa mutane ba tukuna."

"Ba mutane nake nufi ba. Ka manta a gidanmu daga bakin ƙofa ake gane wanda ya dawo?"

Ta juya wayar ta haska masa ƙofar ɗakin da take haya. Kusa da silifas ɗinta ga tsofaffin takalmansa, abin da ta fara ɗauka ranar rusau. Kullum da safe sai ta goge su, ta ajiye su suna kallon ciki, kamar na wanda ya shigo yanzu.