Kwalin Haliru

Ramin da ke gaban rumfar mai faci a Kebbe kowa ya san shi, har jakuna kauce masa suke yi. Haliru ɗan kabu-kabu ne kaɗai ya auka ciki da babur ɗinsa ranar kasuwa, don hankalinsa yana can wajen budurwarsa Kamila. Igiyar roba ta tsinke, kwalin da ya ɗauro daga Tambuwal ya daki ƙasa, tim! Sai ga wani baƙin ruwa yana malalowa, da kumfa kamar an kaɗa sabulu.

Shi dai bawan Allah bai taɓa buɗe kwalin nan ba. Wani mai shagon kayan babur a bakin tashar Tambuwal ne ke ba shi duk mako, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Ranar farko ya ce masa, an ce kai mai amana ne, ba ka da bincike. Wa ya ce? Oho. Aikinsa kawai ya kai kwalin wani tsohon rumbu a bayan gonakin albasa, ya ajiye, ya juya.

Kafin ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, jama'a sun yi masa zobe. Mu'awiya mai faci, wanda dama shi ma yana leƙen Kamila, ya farke kwalin da wuƙarsa. Kwalabe ne baƙaƙe, an ɓare takardun jikinsu tas, biyu sun fashe. Ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago da murna kamar an yi masa kyauta.

"Giya ce! Wallahi giya Haliru ke safara!"

Babur ɗin ma bai dami Haliru ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne cikin makon nan ake sa ran magabatansa za su je neman auren Kamila, kuma uban Kamila Alhaji Na'iya ne, dillalin hatsi, mutumin da ko lemon kwalba ba a shiga da shi gidansa, wai siffar kwalbar ba ta yi masa ba.

Wata tsohuwa mai fura ce ta ɓata wa Mu'awiya wasa. Ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Kai ɗan nan, ina kas san warin giya?"

Mu'awiya ya shiga kame-kame, wai a rediyo ya ji. A rediyo ake jin wari? Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta wanke Haliru ba. Kowa na zargi, ba mai iya shaida, don duk wanda ya ce ya gane ta, to ya tona kansa. Masu kumfar baki suka koma kallon sama. Wasu suka fara cewa a kai shi wajen hukuma da kwalinsa, su can su bincika.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Na'iya, carbi a hannu, yana sauri har da haki, shi da ko ruwan sama ba ya sa shi ɗaga ƙafa. Haliru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji bai ko dube shi ba. Kwalaben da suka fashe ya tsaya yana kallo, ransa a ɓace ƙwarai.

"Ba a kai ɗan mutane ƙara bisa zato," in ji shi. "Ku ba ni kofi. In zunubi ne, na ɗauka bisa kaina, don gaskiya ta fito."

Kai, jama'a suka jinjina. Ga dattijo! Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ɗora bakinta a gefen bencin mai faci, ya buga da tafin hannu, murfi ya yi tsalle. Ya karkata kofin ya tsiyaya a hankali ta gefe, kumfa ba ta ko taso ba. Ya kafa kai. Haliru ya lura ko bisimilla bai yi ba, ya ce a ransa ɓacin rai ne.

Alhaji ya sauke kofi wayam, ya yamutsa fuska, ya goge gemu.

"Wanga ruwan ɗaci na, irin wanda masu ciwon ciki ka sha. Ku watse, kun ɓata ma yaro suna a banza."

Wa zai yi musu da Alhaji Na'iya? Taro ya watse, Mu'awiya ya koma kan tayoyinsa yana ƙunƙuni. Haliru kuwa har da ƙwalla, ya durƙusa yana godiya. Alhaji ya ce a ɗaure sauran kwalaben, shi zai adana su har mai kaya ya bayyana, kuma Haliru ya goya shi, ƙafarsa ta gaji.

Suka fita daga gari, Haliru yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, yana ta yaba wa surukin da Allah zai ba shi. Da suka zo mararraba ya nufi hanyar gidan Alhaji, sai ya ji an taɓa kafaɗarsa, an nuna masa hagu, wajen gonakin albasa.

A gaban tsohon rumbu Alhaji ya sauka, ya rungumi kwalin, ya waiga dama da hagu.

"Ka turo magabatanka ran Juma'a, na ba ka Kamila. Surukin da bai buɗe kwali shi nika so," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma ka gaya ma mai shagon nan, koriyar kwalba nic ce mai, wagga baƙar ɗaci gare ta."