Gurbin da Baba Tamada Ya Bari

Rana ta goma sha tara ke nan Yasira tana zaune a tsakiyar jirgin Baba Tamada, na'urar GPS a cinyarta, na'urar auna zurfin ruwa kuma tana ɗaure a gefen jirgi. Rana ta gasa ta, ƙugunta kamar ya ɓalle. Wallahi ta gaji.

Shekararta ta ƙarshe ce a jami'a, inda take karatun haɗa taswira da kwamfuta. Aikin kammala digirinta shi ne ta gano ainihin inda Tungar Kaiwa take kwance, wani ƙauye da tafkin Kainji ya haɗiye lokacin da aka datse kogi. Tsoffin taswirori ba su damu da 'yar tunga irin wannan ba. Malaminta kuwa ya gama magana: ko ta kawo wurin ranar Litinin, ko ta maimaita shekara.

Mutanen garin Warra ne suka haɗa ta da tsohon, suka ce duk faɗin tafkin ba wanda ya san ruwa kamarsa.

"Baba, ka san inda garin yake?" ta tambaye shi tun ranar farko.

"Ɗiyata, ina yaro aka tashe mu. Ruwa kuma ba ya barin alama."

Sai suka shiga nema. Su yi gabas, su dawo yamma, na'ura ba ta nuna komai sai laka a shimfiɗe, ba tudun rusasshen gini ko ɗaya. Baba mutumin kirki ne, bai taɓa ƙorafi ba. Aibinsa guda, yawan yin kwana da jirgi. Ana tafiya sumul sai ya kashe inji, ya ɗauki filafili, ya karkata jirgi. Yau ya ce akwai kututture, gobe ya ce ragar wani ce, jibi dorina. Dorinar da Yasira ba ta taɓa gani ko kunnenta ba! In ya gama kwanar sai ka ga leɓɓansa suna motsi, har su yi nisa.

Ranar Asabar da la'asar ta haƙura. Ta zauna a tsakar gidan Inna Mairo, mai bandar kifin da ta sauke ta, ta buɗe kwamfuta don ta rubuta wa malaminta cewa abin ya gagara. Shekara huɗu, ga wahalar da iyayenta suka sha, duk a banza. Hawaye suka cika mata ido.

Kafin ta rufe, ta ce bari dai ta zuba duk hanyoyin da jirgi ya bi a kan taswira, ko malam ya ga ba kwana ta yi ba. Layuka suka fito rututu, sun rufe ruwan kamar ragar masunta. Sai wuri guda a tsakiya, wani gurbi da bai fi filin ƙwallo uku ba. Kwana goma sha tara, layi ko ɗaya bai ratsa shi ba. Kowanne ya zo bakinsa sai ya lanƙwasa.

"Oh ni Yasira! Nan kaɗai ya hana mu bi," ta faɗa da ƙarfi. "Inna, wace irin dorina ce ba ta gusawa daga wuri ɗaya?"

Inna Mairo ta goge hannu da zane, ta leƙo, ta daɗe tana kallon gurbin.

"Dorinar me? Ai kin sami garinki, ɗiyata. Tamada ba zai nuna wa baƙi wurin ba, kuma ba zai tuƙa jirgi ta kan kabarin innarsa ba."